Allurar PRP: Jininka a Gwiwarka, da Abin da Gwaji Ya Nuna

 



An nemi in yi magana a kan wata allura da sunanta ya fara yawo a bakin jama'a, musamman waɗanda suka je neman magani Indiya ko Masar ko Dubai, da kuma masu cin karo da tallan asibitocin kuɗi na Abuja da Legas a wayoyinsu. Ana kiranta PRP. Jinin mutum ake ɗiba, a ware wani ɓangare daga cikinsa, a mayar masa da shi ta allura a gwiwa ko kafaɗa ko agara, da nufin wurin da ke ciwo ya warke. Masu tallarta suna cewa ba magani ba ne na kanti, ba tiyata ba ce, jikinka ne zai warkar da kansa. Maganar tana da daɗin ji, kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Amma tsakanin abin da ake faɗa a talla da abin da aka gani da aka gwada akwai tazara, kuma wannan tazarar nake so mu auna tare yau, domin mai ciwon gwiwa da ya shekara biyar yana sallah a kan kujera zai iya sayar da fili don jin kalmar waraka kawai.

Bari mu fara da jinin kansa. Fiye da rabinsa, kusan kashi 55 cikin 100, ruwa ne mai launin rawaya-rawaya. A cikin wannan ruwa ne jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar da muke shaƙa suke yawo, tare da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, sai kuma wasu 'yan mitsi-mitsi da likitoci ke kira filetilet, wato ƙwayoyin tsayar da jini. A cikin ɗigon jinin da bai wuce kan fil ba, mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 daga cikinsu. Ɓargo ne ke ƙera su, kuma kowace ba ta wuce kwana 7 zuwa 10 a duniya. Idan wuƙa ta yanke ki a kicin, Hajiya, su ne ke fara isa wurin, su manne da juna, su toshe kafar. Wani likita ɗan Italiya, Giulio Bizzozero, shi ne ya bayyana wannan aiki nasu a 1882. Sai a 1974 Russell Ross da abokan aikinsa a birnin Seattle na Amurka suka nuna cewa aikinsu bai tsaya a toshe kafa ba. Suna ɗauke da wasu sinadarai da suke zubarwa a bakin rauni, waɗanda ke sa ƙwayoyin jiki su hayayyafa, sababbin hanyoyin jini su tsiro, nama ya fara cikowa.

Daga nan tunanin PRP ya samo asali. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya ga yadda tsoka take ja wur, jijiya da guringuntsi kuwa fari fat.  Tsoka tana samun jini a wadace, shi ya sa idan ta yage takan warke da wuri. Jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin ta agara, da wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi, wadda ke jin jiki idan an yi targaɗe, jinin da ke isa gare su kaɗan ne. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi a cikin gwiwa ba shi da hanyar jini ko ɗaya. To tunda jini ba ya isa wurin sosai, me zai hana mu tattara masu gyaran nan mu kai su da hannunmu? Duk mai hankali zai ce dabara ce.

Ga yadda ake yi. Za a ɗaure maka dantse a ɗebi jini, daga mililita 15 har zuwa 60, gwargwadon irin kayan aikin da asibitin ke amfani da su. A zuba shi a kwalbar gwaji mai ɗan maganin hana daskarewa, a saka a wata na'ura da ke wulwula shi da gudu na 'yan mintuna. Idan aka fito da kwalbar za ka ga jinin ya rabu, kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan roba ruwa ya taso sama: ja a ƙasa, rawaya a sama, a tsakani kuma wani siririn layi mai fari-fari. A wannan layin da ruwan da ke dab da shi filetilet suka taru. Shi likita zai zuƙo da sirinji a hankali, ya samu ɗan abin da bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, wanda yawan filetilet ɗinsa ya ninka na jinin jiki sau biyu zuwa biyar, wani lokaci fiye. A goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a soka allurar. A inda ake aiki da kyau, da na'urar sikanin ake bin bakin allurar har ta isa inda ake so. Duka-duka ba ya cin awa guda. Wurin yakan ƙara ciwo da kumburi na kwana biyu zuwa uku, kuma akan hana mutum shan irin su diclofenac da ibuprofen a wannan tsakani, domin suna rage kuzarin filetilet.

Ba a gaɓoɓi aka fara amfani da shi ba. A 1987 wasu likitoci a Italiya sun yi amfani da shi a tiyatar zuciya don rage buƙatar ƙarin jini. A 1998 Robert Marx, likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a Jami'ar Miami, ya wallafa cewa ƙashin da aka dasa a muƙamuƙi yana saurin kamawa idan an cakuɗa shi da PRP. A 2006 Allan Mishra na Jami'ar Stanford ya gwada shi a kan mutane kaɗan masu ciwon gwiwar hannu. Har zuwa lokacin magana ce ta likitoci a tsakaninsu.

'Yan wasa ne suka fito da ita kasuwa. A farkon 2009 wani ɗan ƙwallon Amurka mai suna Hines Ward, na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya ji rauni a jijiyar gefen gwiwa mako biyu kafin wasan ƙarshe na shekara. Aka yi masa PRP, ya buga wasan, ƙungiyarsa ta ɗauki kofi, jaridar New York Times ta ba da labarin. Sai ga sunan ɗan wasan golf Tiger Woods, sai ga na ɗan wasan tanis Rafael Nadal, a cikin waɗanda aka yi wa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, ta haramta yin allurar a cikin tsoka a 2010, ta kuma janye haramcin a farkon 2011, saboda ba ta ga hujjar cewa tana ƙara wa ɗan wasa ƙarfi ba. Daga nan kasuwa ta buɗe. A Amurka allura ɗaya takan kama daga dala 500 zuwa 2,000, kuma galibin kamfanonin inshora ba sa biya, mutum ke zaro kuɗin daga aljihunsa.

Sai dai akwai tambayar da labarin Hines Ward bai amsa ba. Irin raunin da ya ji, idan jijiyar ba ta tsinke gaba ɗaya ba, yana warkewa da kansa cikin 'yan makonni. Mutumin nan kuma yana da likitoci da masu gashin ƙashi a kansa dare da rana. Wa zai iya rantsuwa cewa allurar ce ta tashe shi? Da ba a yi masa ba, da bai buga wasan ba? Mutum ɗaya ba zai taɓa ba mu amsa ba, domin ba za a iya mayar da shi baya a sake gwadawa ba tare da allurar ba.

Hausawa suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ina roƙon ɗalibai su buɗe kunne a nan, domin wannan ya fi PRP ɗin kanta muhimmanci. Yadda ake gwada magani shi ne a tara masu ciwo iri ɗaya da yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya a ba su maganin, ɗaya gidan a ba su abin da ya yi kama da shi amma babu komai a ciki, wato ruwan gishiri irin wanda ake ƙara wa marar lafiya. A gwajin PRP, kowa sai an ɗebi jininsa, kowa ya zauna ya jira, sannan a rufe jikin sirinjin yadda marar lafiya ba zai ga launin abin da ke ciki ba, shi ma mai auna sakamakon bai san wa aka ba me ba. Bayan watanni a buɗe takardu a kwatanta.

An yi wannan, kuma ba sau ɗaya ba. A 2010 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa gwajin da Robert-Jan de Vos da abokansa suka yi a ƙasar Holan a kan mutum 54 masu daɗaɗɗen ciwon agara. Duk an sa su motsa jiki iri ɗaya, rabi aka yi musu PRP, rabi ruwan gishiri. Bayan mako 24 duka gidajen biyu sun samu sauƙi, kuma babu wanda ya fi wani. A 2014 aka gwada a kan 'yan wasa 80 da tsokar bayan cinyarsu ta yage, a Holan ɗin dai. Waɗanda aka yi wa PRP sun koma fili a matsakaicin kwana 42. Waɗanda aka yi wa ruwan gishiri, kwana 42. A Ingila an gwada a kan mutum 230 da agararsu ta tsinke, aka wallafa a 2019, sannan a kan mutum 240 masu ciwon agara, aka wallafa a 2021. Babu bambanci. A kan amosanin idon sawu ma, mutum 100, haka zancen yake.

Wanda ya fi shafar iyayenmu da ke zaune a nan shi ne na gwiwa. Kim Bennell da abokan aikinta a Melbourne da Sydney na ƙasar Ostareliya sun tara mutum 288, masu shekara 50 zuwa sama, waɗanda guringuntsin gwiwarsu ya fara zaizayewa amma bai ƙare ba. Kowa aka yi masa allura uku, ɗaya a kowane mako. Aka ce kowa ya auna ciwonsa daga 0 zuwa 10, aka kuma ɗauki hoton MRI don auna guringuntsin, kafin allura da kuma bayan shekara guda. Sakamakon ya fito a 2021. Ciwon 'yan PRP ya ragu da maki 2.1. Na 'yan ruwan gishiri ya ragu da 1.8. Wannan ɗan bambancin bai kai abin da mutum zai ji a jikinsa ba, bai ma wuce abin da dace kawai zai iya haifarwa ba. Guringuntsin kuwa bai ƙaru a kowane gida ba. Ya ci gaba da raguwa kaɗan-kaɗan, da kashi 1.4 cikin 100 a gidan PRP, da 1.2 a gidan ruwan gishiri. Don haka duk wanda ya ce maka wannan allura za ta tsiro maka da sabon guringuntsi, ya faɗi abin da hoto bai nuna ba.

Ku lura da wani abu: waɗanda aka yi wa ruwan gishiri sun samu sauƙi na gaske, ba ƙarya suke yi ba. Me ya kawo haka? Na farko, ciwon gaɓa yana hawa yana sauka, kuma babu mai zuwa asibiti ranar da ya tashi garau. Sai ciwo ya kai maƙura mutum ke neman likita, kuma daga maƙura babu inda ciwo zai nufa sai ƙasa, ko an yi allura ko ba a yi ba. Sannan wasu cututtukan lokaci ne maganinsu. Ciwon gwiwar hannu da ke kama kafinta da makanike da matar da ke yawan daka, mutum takwas zuwa tara cikin goma suna warkewa cikin shekara guda ko ba a yi musu komai ba. Ga kuma aikin zuciya. Mutum ya ga an ɗebi jininsa, ya ji ƙugin na'ura, ya ga likita da safar hannu, ya biya kuɗi masu nauyi. Ƙwaƙwalwa tana da hanyoyinta na rage jin zafi idan ta sa rai da sauƙi, kuma an daɗe da sanin cewa allura ta fi ƙwaya tasiri ta wannan fuska. Mu da muka san yadda mutanenmu ke raina likitan da bai rubuta allura ba, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. A ƙarshe, wanda aka yi wa allura mai tsada yakan bi doka: ya huta, ya je gashin ƙashi, ya rage hawa bene. Idan sauƙi ya zo, allura ce ke shan yabo.

To kada a ce na zo da wuƙa na yanke hukunci ba tare da jin ɗaya ɓangaren ba. Masu goyon bayan PRP likitoci ne na gaske, kuma suna da hujjojinsu. A 2013 wasu likitoci a Chandigarh ta Indiya sun gwada ta da ruwan gishiri a kan mutum 78 masu ciwon gwiwa, suka ga 'yan PRP sun fi samun sauƙi har zuwa wata shida. Gwaje-gwaje da dama da aka kwatanta ta da allurar man gwiwa, wadda ake kira hyaluronic acid, sun nuna PRP ta ɗan fi. Akwai alamun cewa idan an sa ta lokacin tiyatar ɗinke jijiyar kafaɗa, ɗinkin ya fi riƙewa. Suna kuma da wani ƙorafi mai ƙarfi: PRP ba abu ɗaya ba ce. Na'urar wannan kamfani tana ninka filetilet sau biyu, ta wancan sau shida. Wata tana barin fararen ƙwayoyin jini a ciki, wata tana cire su. Jinin saurayi ba ɗaya yake da na dattijo ba. Sun ce wadda aka yi amfani da ita a Ostareliya ba ta da kauri sosai. Wannan magana ce abar dubawa. Amma ku ga inda ta kai mu. Idan har masanan ba su daidaita a kan wace iri ce ke aiki ba, to wanda ke biyan kuɗi a asibiti ma bai san wace iri ake zuba masa ba. Idan ka sayi farasitamol, an rubuta miligiram 500 a jikin kwalin. A nan babu abin da aka rubuta.

Akwai kuma wani gwaji da ake yawan kafa hujja da shi, wanda ya kamata mu kalla da idon basira. A 2010, a Holan, an kwatanta PRP da allurar sitiroyid a kan mutum 100 masu ciwon gwiwar hannu, kuma bayan shekara guda PRP ta yi nasara a fili. Sai dai a 2013 wani gwaji a Ostareliya ya nuna cewa masu wannan ciwo da aka yi wa sitiroyid sun fi waɗanda aka yi wa ruwan gishiri shan wahala bayan shekara, ciwon ya fi dawo musu. Ashe PRP ta yi tsere ne da gurgun abokin hamayya. Da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon gwaje-gwajen magani, ta tattara gwaje-gwaje 32 a kan wannan ciwo a 2021, ta ce allurar jini ko PRP ba ta da wani amfanin a-zo-a-gani idan aka kwatanta da allurar da babu komai a cikinta.

Shi ya sa manyan ƙungiyoyin likitoci suka rabu. Ƙungiyar likitocin amosanin gaɓɓai ta Amurka, a jagorarta ta 2019, ta ce kada a yi ta a gwiwa ko ƙugu. Ƙungiyar likitocin tiyatar ƙashi ta ƙasar, a 2021, ta ce mai yiwuwa ta rage ciwo, amma hujjar ba ta da ƙarfi. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta ce ba a ga wani babban haɗari ba, amma shaidar amfaninta ba ta da inganci, don haka duk likitan da zai yi ta sai ya bayyana wa marar lafiya hakan, ya kuma bi sawun sakamakon. Ƙungiyar ESSKA ta likitocin gwiwa na Turai ita ce ta fi sakin fuska, ta amince da ita ga gwiwar da ba ta gama lalacewa ba.

Game da haɗari, gaskiya ne cewa tunda jininka ne, jiki ba ya ƙin sa. Amma wannan ya rataya ne a kan tsafta. A jihar New Mexico ta Amurka an rufe wani shagon gyaran jiki a 2018, inda ake yi wa mata PRP a fuska don gyaran fata ba tare da lasisi ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayar da rahoto a 2024 cewa aƙalla mata uku sun kamu da cutar ƙanjamau ta wannan hanya. An tarar da kwalaben jini babu suna a jiki, da allurai a buɗe. Idan haka ta faru a Amurka, ku auna abin da zai iya faruwa a ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kamar tamu, idan sana'ar ta faɗa hannun masu ɗakin allura na lungu. Na'urar wulwula jini ba ta da wuyar samu, kowane ɗakin gwajin jini yana da ita. Kuma ƙwayar cuta idan ta shiga cikin gwiwa, tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Duk wanda aka yi wa allura a gaɓa, kowace iri ce, ya ga wurin ya kumbura ya yi zafi rau, zazzaɓi ya rufe shi, to ya nufi asibiti a ranar, kada ya kwana.

Ba kowa ne ma ya dace da ita ba. Mai ƙarancin filetilet, mai ciwon daji, mai ƙurji ko miki kusa da wurin, mai shan maganin tsinka jini, duk sai an yi taka-tsantsan. Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye: zazzaɓin cizon sauro yana karya yawan filetilet ƙwarai. Wanda bai daɗe da tashi daga maleriya ba, aka ɗebi jininsa ba tare da an ƙirga ba, me aka tattara?

Amma babban abin da ya fi damuna a ƙasarmu ya riga allura zuwa, wato rashin sanin ainihin ciwon. Komai muna ce masa sanyin ƙashi. Matashi mai sikila da ƙugunsa ke ciwo, sau da yawa kan ƙashin cinyar ne ke mutuwa don jini ya daina isa. Tarin fuka yana kama ƙashin baya da ƙugu da gwiwa. Yaro mai zazzaɓi da kumburin gaɓa wataƙila mugunya ce a ciki, kuma wannan aikin gaggawa ne. Akwai amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, mai kama yatsu hagu da dama, wanda ke da magungunansa na musamman. Ɗan ƙwallon da jijiyar tsakiyar gwiwarsa ta tsinke gaba ɗaya, ƙafar tana zille masa in ya juya, babu allurar da za ta ɗinke ta. Duk waɗannan idan aka tsaya yi musu PRP, an ɓata kuɗi, an kuma ɓata lokacin da ya fi kuɗin tsada. Muna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano tun 1959, muna da sassan ƙashi a asibitocin koyarwa. Hoton ƙashi da gwajin jini ba su kai kuɗin allura ɗaya ba.

Ina kuma jan kunne game da sitiroyid, tunda na ambace ta. Allurarta tana kwantar da ciwo nan take, shi ya sa ake son ta. Amma a wani gwaji da aka yi a Boston aka wallafa a 2017, mutum 140 da aka riƙa yi wa allura a gwiwa duk wata uku har shekara biyu, waɗanda suka samu sitiroyid sun fi asarar guringuntsi, kuma ciwonsu bai fi na 'yan ruwan gishiri raguwa ba. Balle haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake ƙulla wa tsofaffinmu a leda a kemis, masu ɗauke da dexamethasone ko prednisolone. Tsohuwa ta sha ta miƙe, a yi ta sa wa mai kemis albarka, bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, hawan jini ya tashi, ƙashi ya yi taushi.

To me ke aiki? Abin da ke aiki ba shi da armashi, shi ya sa ba a tallarsa. Ga mai ƙiba, rage nauyi. Stephen Messier da abokansa a Amurka sun auna cewa duk kilo ɗaya da mutum ya sauke, gwiwa tana samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku. A gwajinsu na mutum 454 da aka wallafa a 2013, waɗanda suka haɗa rage abinci da motsa jiki, suka sauke kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, ciwonsu ya ragu da kusan rabi. Ku kwatanta da maki 2 na allura. Sai ƙarfafa tsokar gaban cinya, wadda ita ce ke tallafe gwiwa: ki zauna a kan kujera, ki miƙe ƙafa ɗaya sambal, ki riƙe ki ƙirga goma, ki sauke a hankali, ki maimaita, safe da yamma. Sanda a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya ba abin kunya ba ne. Masai na zaune ya fi na tsuguno ga mai wannan lalura.

Ga ciwon agara kuwa, wani likita ɗan Siwidin, Håkan Alfredson, ya wallafa wata hanya a 1998. Mutum ya tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa, diddige a waje, ya ɗaga da ƙafa mai lafiya, sannan ya sauke diddigen mai ciwo a hankali har ya wuce bakin matakalar. Sau 180 a rana, mako 12, ko da ana jin ɗan zafi. 'Yan gudu 15 da ya fara gwadawa a kansu duk sun koma gudunsu. Jijiya da aiki take ƙarfi, idan an ɗora mata nauyi daki-daki. Ku tuna cewa a gwajin Holan na 2010, wannan motsa jikin aka sa duka gidajen biyu suka yi, kuma duka suka samu sauƙi. Gwiwar da ta gama cinyewa kuma, ƙashi na gugar ƙashi, maganinta tiyatar sauya gwiwa, kuma ana yin ta a nan gida Najeriya.

Hukuncina shi ne, PRP ba damfara ba ce a asalinta, amma an kai ta kasuwa tun ba ta nuna ba. Wanda aka tabbatar da irin ciwonsa, gwiwarsa ba ta gama lalacewa ba, ya yi wata uku zuwa shida yana motsa jiki da gaske, ya rage nauyi, ciwo bai sake shi ba, kuma kuɗin ba zai taɓa abincin gidansa ko makarantar 'ya'yansa ba, to idan ya gwada a hannun ƙwararren likitan ƙashi ban ga laifinsa ba, muddin ya san cewa abin da yake saye shi ne yiwuwar sauƙin ciwo na wasu watanni. Wanda kuwa sai ya ci bashi ko ya sayar da kadara, ina ba shi shawara ya riƙe kuɗinsa.

Idan har ka zauna gaban likitan da ya ba ka shawarar wannan allura, tambaye shi sunan ciwonka da abin da hoto ya nuna. Tambaye shi ko za a ƙirga filetilet ɗinka kafin a fara, ko sabon kayan aiki za a buɗe a gabanka, allura nawa za a yi, nawa ne jimillar kuɗin, kuma mene ne mataki na gaba idan ba ta yi aiki ba. Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya.

Ku kuma abokan aikina ma'aikatan lafiya, marar lafiya amana ce a hannunmu, kuma yawancin masu zuwa wurinmu ba za su taɓa karanta JAMA ba. Abin da muka gaya musu shi za su ɗauka. Idan za ku yi wa mutum PRP, ku gaya masa sakamakon mutum 288 ɗin nan kafin ya biya kuɗi, ku rubuta yadda ciwonsa yake kafin allura da bayan wata shida da bayan shekara, ku kuma tura shi sashen gashin ƙashi ko ya yi allurar ko bai yi ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.